Ba Na Shan Taba, Ba Na Shan Giya, To Ta Ina Hawan Jini Zai Shigo Mini?

"Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon atamfa a babbar kasuwar Kaduna, shekaruna 44. Wata uku da suka wuce yayana ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, aka ce hawan jini ne. Bai taɓa shan taba ba, bai san ƙofar gidan giya ba, kuma ba mai kuɗi ba ne. Kullum a rediyo ana cewa yadda muke rayuwa ne ke jawo waɗannan cututtuka. Shin da gaske halayen nan da ake faɗa sun yi yawa a cikinmu, ko dai maganar Turawa ce ake kwaso mana? Kuma idan mutum ba ya shaye-shaye, me ya rage da zai ji tsoro?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ba yayanka lafiya, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, ko abubuwan da ke share wa hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya hanya sun yawaita a tsakanin manyanmu kamar yadda ake faɗa. Ta biyu, ko wanda ya tsare kansa daga taba da giya yana da sauran abin tsoro. Amsar duka biyun e ce, kuma ta biyun ta fi damuna. Mafi yawan waɗanda nake rubuta wa maganin hawan jini irin yayanka ne, magidanta masu neman halal da iyaye mata masu fama da gida, waɗanda ba su taɓa riƙe karan sigari ba. Abubuwan da suka fi yi mana yawa suna cikin tukunya da kofin shayi da bencin shago, kuma tunda kowa na yinsu, ba wanda ke kallonsu da ido na biyu.

Abin da ake ƙirgawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da tattara su wuri guda: taba, giya, rashin motsa jiki, da cimar da gishiri da suga da mai suka yi mata yawa, ganye da 'ya'yan itatuwa suka yi mata kaɗan. Daga baya aka ƙara gurɓatacciyar iska. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kwantar da mutum nan take. A hankali suke sauya jiki: jini ya hau, teɓa ta taru, suga da kitse su yi yawa a cikin jini. Sai bayan shekara goma ko ashirin a ga abin da suka haifa. Wani ɓarin jikinsa ya shanye, wani zuciya ta kumbura, wani ƙoda ta tsaya a fara neman kuɗin wankin ƙoda, wani a yanke masa ƙafa saboda gyambon da ya ƙi warkewa.

Cututtukan nan da ba a ɗauka daga wani suna kashe sama da mutum miliyan 40 duk shekara a duniya, kusan uku cikin kowace mutuwa huɗu ke nan. Mafi yawan waɗanda suke kashewa kafin su kai shekara 70 a ƙasashe irin tamu suke. A lissafin da hukumar ta fitar a 2018, kashi 29 cikin 100 na mace-macen Najeriya daga gare su ne, ga shi kuma zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da mutuwar mata wajen haihuwa suna nan ba su je ko'ina ba. Don haka maganar ba kwaso ta aka yi ba, a gidajenmu take.

Ɗauki hawan jini kaɗai. A farkon shekarun 1990 an yi babban bincike na ƙasa baki ɗaya ƙarƙashin Farfesa Oladipo Akinkugbe, aka samu kusan kashi 11 cikin 100 na manya suna da shi. Yau idan aka tattara binciken da ake yi a sassan ƙasar, abin ya kai kusan mutum ɗaya cikin uku. Sai dai a yi wa lambobin adalci: a wancan lokaci sai awo ya kai 160/95 ake kiransa hawan jini, yanzu kuwa daga 140/90 ne, saboda haka wani ɓangare na ƙarin daga sauya ma'auni ya zo. Ko an cire wannan, ƙarin na gaske ne. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne mafi yawan masu shi ba su san suna da shi ba, waɗanda suka sani ma 'yan kaɗan ne ke shan magani kullum. Idan ka ƙirga magidanta tara a layinku na kasuwa, ba mamaki uku na ɗauke da shi, biyu daga cikinsu ba su da labari. Ciwon suga bai kai haka yawa ba, ƙididdigar da ake da ita tana yawo tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100 na manya, amma shi ma da yawa sai ya ci ido ko ƙafa ake gano shi.

Taba da giya

A nan muna da abin godiya. Binciken taba na ƙasa da aka yi a 2012 ya samu kashi 5.6 cikin 100 na manya ke amfani da ita ta kowace hanya, maza kashi 10, mata kusan kashi 1. A Indonesiya sama da rabin maza ke sha. Sai dai wannan lamba daga bakin mutane aka ɗauko ta, kuma ka san magidanci ba zai amsa yana busawa ba ga matarsa zaune a gefe, mace kuwa balle. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma har gobe mai tebur na sayarwa. Abin da nake gani yana ƙaruwa shi ne shisha, a hannun samari da 'yan mata da za su rantse maka ba sa shan taba. Ruwan da ke cikin tulun ba ya kawar da gubar hayaƙin, zaman awa guda yana cika huhu da hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau da yawa, ga gubar gawayin da ake hura ta da shi.

Giya a Kaduna ta danganta da unguwa. Wani wuri a fili ake sha, daga burkutu har ta kwalba, wani wuri kuma a ɓoye, a ƙaramar leda da ke shiga aljihu. Shi ya sa nake tambayar kowa, amma sai na sallami ɗan rakiya tukuna. Akwai kuma hayaƙin da ba a lissafawa, na itace da gawayi a madafar da ba taga. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana hura wuta tana iya zuwa da huhu irin na mashayin taba.

Tukunya

A nan zan daɗe, domin a nan ne kusan kowa ya faɗa. Abin da aka amince babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na cikin biredi da miya da yaji da komai. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka. Bari mu bi yinin ɗan kasuwa. Da safe shayi da biredi, wataƙila da taliyar leda da ƙwai, an juye mata ƙullin sinadarinta duka. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, yajin kuma an daka shi da gishiri da dunƙule. Da la'asar gyaɗa mai gishiri ko awara, ita ma da yajinta. Da dare tuwo da miyar kuka, an sa mata gishiri, an marmasa dunƙule huɗu ko biyar, an ƙara farin magi, an jefa kanwa don ta yi yauƙi. In an samu sarari a biya wajen mai tsire. Ba a kai ga la'asar ba an wuce cokalin nan.

Mutane da yawa suna ce mini, "Likita, ai mun rage gishiri a gida." In na tambayi dunƙule nawa ke shiga tukunya, sai a yi shiru. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, farin magi kuma yana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ainihin abin da ke ɗaga jini a cikin gishirin. Ba na ɗora wa matan gida laifi a kan wannan. Nama ya yi tsada, kifi ya yi tsada, uwargida na da baki goma da za ta ciyar da cefanen da bai taka kara ya karya ba, kuma in miya ta yi salam ita za a kalla. Dunƙule ne mafi arhar hanyar da za ta fita kunya. Shi ya sa maganar rage shi daga bakin maigida ya kamata ta fito, kuma ya yi haƙuri da ɗanɗanon makonnin farko.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan jinin da ke bin jijiyoyi, jijiyoyin su yi tauri, zuciya ta dinga turawa da ƙarfi. Ka san tiyon masu noman rani a bakin kogin Kaduna: in inji ya matsa masa dare da rana, inda ya fi rauni nan yake fashewa. In a ƙwaƙwalwa jijiyar ta fashe ko ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Zuciya kuma ta yi kauri, daga baya ta gaji, ƙafa ta kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Ƙoda tana lalacewa shiru. An kuma lura jinin baƙar fata ya fi saurin hawa da gishiri, don haka ragewar ta fi yi mana amfani.

Kanwa kuwa, a nan jihar aka fara nuna wa duniya illarta. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego a Zariya da kewaye, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta har a yi arba'in. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki ma suna da hannu. Amma kanwa dai 'yar'uwar gishiri ce, sodiyam ce cike da ita. Mai hawan jini da ke jiƙa kanwa yana sha don kumburin ciki yana ƙara wa kansa abin da ake ƙoƙarin rage masa.

Ragewa a hankali ta fi ɗorewa. A cire dunƙule ɗaya wannan makon, wani bayan mako biyu. A daka yaji ba gishiri. A ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da masoro da kimba da citta, tunda Allah Ya ba mu ita a Kaciya da Kafancan har ana fita da ita waje. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har mutum ya ci abincin biki ya ji gishirin ya yi masa yawa.

Ɗaya gefen tukunyar shi ne abin da ya ɓace daga cikinta. Ana son babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma da wuya in samu wanda ke kusantar haka. Sai a ce tsada, domin an ɗauka tuffa da inabi ake nufi. Zogale ake nufi, da rama da yakuwa da alayyahu da kuɓewa da yalo, da gwaiba da gwanda da mangwaro a lokacinsu. Kwaɗon zogale da ƙuli, in ba a cika masa gishiri ba, yana cikin mafi kyawun abin da mai hawan jini zai ci, saboda ganye na ɗauke da sinadarin fotasiyam da ke taimaka wa ƙoda ta fitar da gishiri. Abin takaici, da mutum ya ɗan samu sai ya bar wa ƙauye kwaɗo da tuwon dawa da gero da acca, ya koma farar shinkafa da taliya da biredi safe da dare.

Shayi da lemo

Ƙa'idar suga ita ce kada ya wuce kusan giram 50 a yini, ƙaramin cokali 12 ke nan, in an tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ta roba mai rabin lita ita kaɗai ta cinye wannan. Gobe ka tsaya ka kalli hannun mai shayinku. Da babban cokali yake ɗiba, sau biyu ko uku, ya zuba madara, ya ƙara garin koko wanda shi ma akwai suga da yawa a ciki. Da yamma a majalisa a ɗora ƙaramar buta a kan gawayi, a yi zagaye uku, kowanne da sugansa. Ga zoɓo da kunun aya da fura da nono, waɗanda asalinsu ba laifi, amma mai sayarwa ta san in ba zaƙi ba ciniki. Ga lemon malti da ake haɗawa da madara a kai wa mara lafiya wai ƙarin jini, alhali ba ya ƙara jini, suga yake ƙarawa. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma a farashin yau naira goma ba ta hana kowa saye.

Ba cewa nake duk mai shan zaƙi zai kamu da ciwon suga ba. Gado yana da ƙarfi a ciki. Abin da zaƙin ke yi shi ne ya tara kitse a ciki da hanta, kitsen ya sa jiki ya daina jin sinadarin insulin da ke shigar da suga inda za a ƙone shi. Wanda ya gaji ciwon, wannan ne ke fito masa da shi yana ɗan arba'in maimakon saba'in. Man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi ma yana ɓata jijiyoyi, a kiyaye shi.

Zama

Za ka ce mini kullum a gajiye kake komawa gida, kuma na yarda. Amma gajiyar ciniki daban, motsa jiki daban. Daga ƙofar gida ka hau acaɓa ko Keke Napep, a sauke ka a bakin layi, ka zauna daga tara zuwa magariba. Yaron shago ne ke ɗauko bandir, shi ke sayo abinci, shi ke kai kaya tasha. Tafiyarka ta yini ita ce zuwa masallacin da ke bayan shago. Ma'aikacin ofis da direba da tela duk haka suke. Abin da ake nema minti 150 ne a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar, irin wadda numfashi zai ɗaga amma kana iya magana. A 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa kai wannan. Manomi da mai turin baro da mai ga-ruwa sun wuce shi nesa, amma a cikin mazauna shago da ofis da nake gani, wanda ya cika shi abin nunawa ne.

Garin ma ya sauya. Waɗanda suka san Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki suna tuna yadda titi ke cika da kekuna in an tashi daga aiki. Yanzu magidanci ya hau keke sai a fara tambaya ko lafiya. Matan gida su ne suka fi ba ni tausayi. Daka da niƙa da jan ruwa a rijiya sun tafi, kuma ba mai son su dawo, amma ba a maye gurbinsu da komai ba. Mace ta yini tsakanin ɗaki da madafa, ta yi haihuwa biyar ko shida, kowace ta bar mata ƙiba, gwiwa ta fara ciwo, sai zaman ya ƙaru. Masu fita Dandalin Murtala da sassafe suna kyautawa, amma ba sai an je can ba. Ka sauka daga Keke Napep tun da sauran tafiyar minti goma sha biyar, safe da yamma, ka gama. Uwargida kuma a ba ta dama da abokiyar tafiya, ko zagayen tsakar gida ne bayan asuba, ko zuwa islamiyya a ƙasa.

Ƙiba da ake yi wa barka

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma sun rame ƙasa da kima, sannan kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A gida ɗaya za ka ga uwa mai teɓa da yaro mai tamowa. Biyun ma suna da alaƙa: yaron da ya sha yunwa a ciki ko a goye, in ya girma ya samu cimar birni, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da suga. Wannan na cikin dalilan da suka sa ciwon bai tsaya a kan masu kuɗi ba, kamar yadda ka gani a kan yayanka.

Mu kuma in mutum ya ajiye tumbi sai mu ce hutu ya zauna, amarya in ba ta murmure ba a ce miji ba ya kula da ita. Har ta kai 'yan mata na sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a kemis. Yawancinsu akwai dezametazon a ciki, magani mai ƙarfi da ke kumbura fuska, ya ɗaga suga da jini, ya raunana ƙashi. Ina roƙon iyaye su sa ido a kan wannan, musamman gab da biki.

Kai da tef ɗin awo ke rataye a shagonka, ba ka buƙatar sikeli. Ka zagaya shi daidai cibiya, kana tsaye, ba ka haɗiye ciki ba. Awon zagayen cikin ya kamata ya gaza rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, kada cikinsa ya kai 85. Siririn mutum mai ɗan tumbi ma yana cikin haɗari, domin kitsen ciki ne mai illar.

Sai wasu ƙanana da ke taruwa su yi nauyi: goro da shayi mai kauri har tsakar dare, barcin awa huɗu, da haɗin maganin ciwon jiki da ake saye a kemis kullum. Diklofenak da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna ɗaga jini, suna cin ƙoda. Tunani da damuwa ma suna da nasu kason, amma kada a jingina musu komai. Na sha ganin wanda ya ajiye magani saboda ya biya bashin da ya dame shi, ya ɗauka jinin ya sauka tare da bashin.

Abin da ya rage gare ka

Da wuya waɗannan abubuwa su zo ɗaya-ɗaya. Mai zaman shago shi ne mai shayi uku, shi ne mai tumbi, shi ne mai cin abincin mai tuwo da ba shi da iko a kan gishirinsa. In na bi jerin nan da babban mutum mazaunin gari, sau da yawa nakan samu biyu ko uku a tare, kuma haɗarinsu ninkuwa yake yi in sun haɗu. Kai kuma kana da ƙarin wanda ba ka zaɓa ba: ɗan'uwanka na jini ya faɗi tun bai tsufa ba. Don haka kafin ka sauya komai a gida, ka je a auna ka cikin makon nan, kai da matarka da sauran 'yan'uwanku. Kada ka jira ciwon kai ko jiri, yawancin masu hawan jini garau suke jin kansu.

Ba sai ka je manyan asibitoci irin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ba. Jihar na da mazaɓu 255, kuma tsarin shi ne kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko, kemis da yawa ma suna da na'urar. Ka zauna minti biyar ka huta, bayanka a jingine, hannunka a kan tebur, rabin awa ba goro ba shayi. A auna sau biyu, a sake wata rana. In ya tsaya a 140/90 ko sama, ka ga likita. In ya kai 180/120, ranar za ka gan shi. Ka haɗa da gwajin suga kafin ka karya da safe, wanda daga 7.0 ko 126, gwargwadon na'urar, ake zargin ciwon, sai gwajin fitsari da na ƙoda. In an ɗora ka a kan magani, irin su amlodifin, ka sha kullum. Masu cewa in ka fara ba ka dainawa suna ɗora wa magani laifin ciwo: ciwon ne ba ya tafiya, maganin riƙe shi yake yi. In kuɗin wata-wata ne matsala, ka nemi bayanin inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, kuma ka gaya wa likitanka gaskiyar aljihunka, domin akwai masu araha da ke aiki.

Akwai iyakar abin da zan iya faɗa daga nan. Lambobin da na kawo na ƙasa ne da na duniya, ba awon Tudun Wada ko Rigasa ba ne, ni kuma waɗanda ciwo ya kawo nake gani, don haka idona ya fi ganin masu matsala. Gyaran ci da sha da tafiya yana rage haɗari sosai, amma ba ya shafe shi. Akwai wanda zai kiyaye komai ya kamu, saboda gado ko ciwon ƙoda ko shekaru, don haka kada kowa ya ce yayanka shi ya jawo wa kansa. Ban duba shi ba, ba zan ce ga irin shanyewar da ta same shi ba. Wata jijiya ce ta toshe, wata fashewa ta yi, hoton ƙwaƙwalwa ne ke rabewa, kuma asfirin da ke taimakon ta farko yana iya ƙara wa ta biyu zubar jini, saboda haka kada a ba shi don an ga wani na sha.

Wanda ya faɗi sau ɗaya yana iya sake faɗuwa, maganin jininsa ba fashi. Ku koya wa duk mutanen gidan alamomin: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. In an ga ɗaya, a nemi mota nan take, addu'a da tofi a yi su a hanya, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu domin yana iya shaƙewa. Ku dage da kai shi gashi a asibiti, watannin farko ne jiki ya fi karɓa. Ranar ganin likita kuma ku zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya ku tafi da shi, na asibiti da na kemis da na gargajiya da wanda maƙwabta suka kawo, a duba su tare.